Filashin ba zai dawo wa tsohuwar Nokia da ƙuruciyarta ba

A gidaje da dama, daga Kano da Zariya har Maraɗi da Damagaram, in aka zazzage durowa ko tsohon akwati za a tarar da wata Nokia kwance. Batir ya mutu ko ya kumbura, amma jikinta garau. Wata 3310 ce ta Baba, wata N70 ce ta Yaya, wata kuma E71 ce da aka yi yayinta a ofisoshi. A 'yan shekarun nan matasa sun fara ciro irin waɗannan wayoyi. Wani sha'awa ce kawai, wani yana son ƙaramar waya da zai sa layin banki ya ajiye a gida, wani kuma ya gaji da wayar da ba ta barinsa ya yi karatu. Da zarar an sa sabon batir ta kawo haske, tunanin farko da ke zuwa wa duk wanda ya tashi da Android shi ne a sabunta ta.

Ba laifinsa ba ne, haka aka koya masa, kuma a wayar zamani gaskiya ne: duk sabuntawar da ta zo a karɓa. Amma a wayar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin, lissafin ya juya. Ribar da ke cikin sabunta ta kaɗan ce, haɗarin kuwa babba ne, kuma in ta mutu a hannu babu kamfanin da zai saurari kuka. Tsohuwar wayar da ke kunnuwa, take kira, take karɓar saƙo, abin da ya fi dacewa da ita shi ne a ƙyale ta yadda take, sai in akwai wata matsala takamaimai da aka san filashin ne maganinta. Wahalar da ke cikin wannan aiki kuma tana ɗauke da darasi ga wayar da ke aljihun kowa yau.

Mene ne ake taɓawa idan an yi filashin?

Kowace waya tana da manhajar tushe, wato wadda aka rubuta a cikin ma'adanar injinta tun daga masana'anta. Ita ke tayar da waya, ita ke magana da eriya, da madannai, da gilashi, da batir. Ba kamar WhatsApp ba ce da za a goge a sake saukewa. Idan ita ta lalace, wayar ba ta ma san yadda za ta kunna kanta ba. Goge wannan manhaja a rubuta wata a gurbinta shi masu gyara ke kira filashin.

A wayoyin Nokia masu sauƙi irin su 6300, manhajar tana zuwa ne kashi uku. Akwai MCU, shi ne uwa uba. Akwai PPM, mai ɗauke da harsuna da haruffa. Akwai CNT, mai ɗauke da hotuna, wasanni da sautukan da suka zo da waya. Wayoyin Symbian irin su N95 da E71 su ma nasu a rarrabe yake, sunayen ne suka bambanta. Dole duka fayilolin su kasance na siga ɗaya kuma na samfuri ɗaya.

A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin sunan da ke rubuce a fuskar waya bai wadatar ba. N95 ta farko lambarta RM-159, N95 8GB kuma RM-320. E71 da aka yi wa Turai da yankinmu RM-346 ce, wadda aka yi wa nahiyar Amurka kuma RM-357. A ido waɗannan E71 biyu ɗaya suke, a ciki kuwa eriyarsu daban. Ana ganin wannan lamba a takardar da ke ƙarƙashin batir, ko a danna *#0000# ta fito tare da sigar manhajar da ranar da aka yi ta. A takardar nan kuma akwai wata lamba mai gurbi bakwai, wadda ke nuna ƙasar da aka yi wa wayar da harsunan da ke cikinta.

Lokacin da sabuntawa ke da daraja

Adalci shi ne a faɗa cewa a zamanin waɗannan wayoyi sabuntawa ta yi wa mutane rana. N95 ta fito a 2007 da kyamara mai megafiksil 5 da GPS, amma ƙwaƙwalwar aikinta megabait 64 ce kacal, kuma tsarin wayar ya cinye mafi yawanta. Mutum zai buɗe burauza da waƙa, sai waya ta ce masa wuri ya cika. A ƙarshen shekarar Nokia ta fitar da siga ta 20, wadda ta koya wa wayar ɗauko ɓangaren manhajar da take buƙata kawai maimakon ta loda komai gaba ɗaya. Nan take ƙwaƙwalwa ta samu sarari, waya ta yi sauri, ba tare da an canza ko ƙusa ɗaya ba.

Haka N8, wadda ta fito a 2010. Ta samu Symbian Anna a 2011, sannan Belle a farkon 2012, wadda ta sauya mata fuska gaba ɗaya har da labulen sanarwa da ake jawowa daga sama kamar na Android.

A wancan lokaci hanyar a share take. Tun 2006 Nokia ta saki wata manhajar kwamfuta mai suna Nokia Software Updater. Mutum ya jona kebul, manhajar ta karanta lambar wayarsa, ta je sabar kamfanin ta ɗauko fayil ɗin da ya dace, ta saka. Mai waya ba ya buƙatar sanin RM ko PPM. Masu gyara kuma suna da akwatunansu na filashin irin su JAF, UFS da ATF, da wata manhaja mai suna Navifirm da ke jawo fayiloli kai tsaye daga rumbun Nokia. Duk wanda ya san Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja a waɗannan shekaru ya san teburan da ke cike da kebul kala-kala, kowace waya da nata.

Yadda hanyar ta toshe

A Fabrairun 2011 shugaban Nokia na lokacin, Stephen Elop, ya sanar da cewa kamfanin zai koma amfani da Windows Phone. Daga ranar Symbian ta fara ƙirga kwanakinta. Nokia 808 PureView mai megafiksil 41, wadda ta fito a 2012, ita ce auta. Daga 1 ga Janairun 2014 aka daina karɓar sababbin manhajoji na Symbian a shagon kamfanin. A Afrilun shekarar Microsoft ta kammala sayen sashen wayoyin Nokia, kuma bayan haka sabobin da ke riƙe da tsofaffin fayiloli suka yi shiru. Wayoyin da ake sayarwa da sunan Nokia tun daga 2017, har da sabuwar 3310, na kamfanin HMD Global ne, wanda ya karɓi lasisin sunan. Ba shi ya ƙera tsofaffin ba, kuma ba ya ɗauke da nauyinsu.

Saboda haka duk wanda zai yi wa N73 ko 5800 filashin yau, abin da zai dogara da shi shi ne fayil ɗin da wani bawan Allah ya ajiye ya ɗora a intanet, da kwafin Phoenix da aka fasa. Phoenix manhaja ce da Nokia ta yi wa cibiyoyin gyaranta, ba a taɓa yin ta don jama'a ba. An gina ta ne a zamanin Windows XP da Windows 7, direbobinta kuma sukan yi gardama da sababbin kwamfutoci. Babu wanda zai ba da tabbacin cewa fayil ɗin da aka sauke cikakke ne, ko cewa ba a cusa wata cuta a cikin kwafin ba. Wanda ya saka irin wannan a laftof ɗin da yake shiga banki da ita ya yi kasadar da ta fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba.

Ga tsofaffi sosai kamar 3310, wadda ta fito a shekarar 2000 aka sayar da miliyan 126, ko 1100 ta 2003, ko ramin USB ba su da shi. Ana shiga cikinsu ne ta wasu ƙananan ɗigogin ƙarfe da ke ƙarƙashin batir, da kebul na musamman. Mafi yawan masu gyaran yau ba su taɓa riƙe irin wannan kebul ba, domin sun koyi sana'a ne a kan Tecno da Infinix.

Abin da sabuwar siga ba za ta gyara ba

A ɗauka komai ya tafi daidai, an samu fayil na ƙwarai, an saka siga ta ƙarshe. Me aka samu?

WhatsApp ba zai dawo ba. Kamfanin ya yanke Symbian a ƙarshen Yunin 2017, ya yanke BlackBerry a ƙarshen shekarar, ya yanke ƙananan Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018. Yankewar daga sabarsu aka yi ta, babu fayil ɗin da zai buɗe ƙofar daga ɓangaren waya.

Shafukan intanet ma mafi yawansu ba za su buɗe a burauzar wayar ba. Shafi mai tsaro yana buƙatar waya ta iya irin kullen sirrin da ake amfani da shi yanzu, ta kuma gane takardun shaidar da ke tabbatar da shafin. Waɗannan wayoyi tsohon kulle suka sani, wanda manyan burauzoji suka yi watsi da shi a 2020, takardun shaidar da ke cikinsu kuma wa'adinsu ya ƙare. Siga ta ƙarshe da Nokia ta fitar ita ma ta girmi wannan sauyi. Dalilin da ya sa Opera Mini ta daɗe tana aiki a kansu shi ne, sabar Opera ce ke buɗe shafin ta matse shi ta turo wa waya. Wato rayuwar intanet ɗin wayar a hannun wani kamfani take, ba a cikin injinta ba.

Masu BlackBerry sun ga abin da ya fi wannan. Ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe sabobin tsofaffin wayoyinsa, ya kuma yi gargaɗin cewa hatta kira da saƙon tes ba lallai su ci gaba da aiki yadda ya kamata ba. Wayar da ake alfahari da lambar BBM ɗinta ta koma abin ado.

Sai maganar sabis. 3310 da 1100 ba su san komai ba sai 2G. Singafo ta kashe 2G a 2017, Ostareliya ta gama kashe tata a 2018. A Najeriya da Nijar 2G na nan, shi ya sa waɗannan wayoyi ke da amfani a wurinmu fiye da can. Ranar da aka kashe shi, babu filashin ɗin da zai ba waya eriyar da ba a ƙera ta da ita ba.

Abubuwan da suka rage wa tsohuwar waya su ne kira, tes, lambobin banki masu tauraro, rediyo, tocila, ƙararrawar tashi, da batir mai kwanaki. Duk waɗannan suna aiki daidai a sigar da take kai yanzu. Wanda ya yi mata filashin don kawai lambar siga ta ƙaru, shi ne ake cewa garin neman gira ya rasa ido.

Yadda waya ke mutuwa a kan tebur

Filashin yana farawa ne da gogewa. Akwai 'yan mintoci da wayar ba ta da tsohuwar manhaja, sabuwar kuma ba ta gama shiga ba. Idan a wannan tsakanin kebul ya motsa, ko batir ya sauka, ko aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu, waya ta zama dutse. Tsohon batir shi ne babban maci amana: zai nuna a cike, da an matsa masa ya faɗi.

Na biyu, wayoyin Nokia na zamanin da ake kira BB5, wato daga 6630 ta 2004 zuwa su N70, N95, E71 da 6300, ba sa yarda a mayar da su baya. Wanda ya saka siga ƙasa da wadda ke kan waya, ko da a kan kuskure ne, yana iya kashe ta. Shi ya sa danna *#0000# kafin a taɓa komai wajibi ne.

Na uku, akwai wani lungu a ma'adanar waya da ke riƙe da lambar IMEI, da bayanan kullen layi, da ma'aunin eriyar da aka daidaita wa wannan waya ita kaɗai a masana'anta. Wannan ba ya cikin fayil ɗin da ake saukewa. Idan aka share shi ba tare da an ajiye kwafi ba, waya za ta kunna amma ba sabis, ko ta tsaya tana cewa a tuntuɓi cibiyar gyara. A da ana iya samo gyaran ta hannun kamfani. Yanzu cibiyar da take nema babu ita.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne abin da ke cikin wayar. Filashin yakan share lambobi, saƙonni da hotuna. A tsohuwar wayar mahaifi ko mahaifiya da suka rasu, wataƙila saƙon tes ɗin da ke ciki ya fi wayar daraja sau dubu, kuma ba ya nan a Google ko a ko'ina.

Inda filashin ke da hujja

Akwai yanayin da aikin ya halatta. Wayar da ke tsayawa a farin gilashi ko a hoton hannaye biyun nan na Nokia, ko take kashe kanta tana kunnawa, bayan an gwada batir mai kyau, ba ta da abin asara. Phoenix tana da hanyar tayar da wayar da ba ta kunnuwa ta USB, kuma ta ceci da yawa.

Haka wayar da ta zo da harshen da mai ita ba ya ji, ko wadda wani kamfanin sadarwa na Turai ya cika da tambarinsa ya rufe wasu abubuwa. Sauya fayil ɗin harshe na iya gyara wannan. Haka kuma N95 da har yanzu ke ƙasa da siga ta 20, ko N8 da ba ta kai Belle ba, domin a nan an san takamaiman abin da za a samu.

Ko a irin wannan yanayi, a fara da abin da ya fi sauƙi. A wayoyin Symbian *#7780# yana mayar da setin yadda ya zo ba tare da ya goge kaya ba, *#7370# kuma yana share komai ya mayar da waya sabuwa. Lambar sirrin da suke zuwa da ita 12345 ce in ba a canza ba. Manhajar da ta ƙi shiga tana cewa takardar shaidarta ta ƙare, sau da yawa mayar da kwanan watan waya baya da 'yan shekaru ya isa. Matsaloli da dama da ake ɗora wa manhajar tushe, batir ne, ko datti a bakin caji, ko memori da ya lalace.

In kuwa babu makawa, a kwashe lambobi da hotuna tukuna. A rubuta lambar RM, da siga, da IMEI da ke fitowa in an danna *#06#. A samo batir mai lafiya a cika shi. A yi aikin a tsohuwar laftof mai nata batir, wadda ba a shiga banki ko imel da ita. A ajiye kwafin lungun nan na IMEI kafin a goge komai. Kada kuma a koyi aikin a kan wayar da ake ƙauna. A sayi wata mai araha a yi gwaji a kanta.

Abin da masu ra'ayin a yi ke cewa

Wasu za su ce wannan tsoro ya yi yawa, kuma suna da hujja. Akwai masu sha'awa a ƙasashe daban-daban da suka ci gaba da gyara Symbian bayan kamfani ya tafi. Manhajar Delight, wadda 'yan sa-kai suka haɗa wa N8 da 808 da 'yan uwansu, ta cire tarkacen da suka daina aiki, ta buɗe hanyar saka manhajoji ba tare da sa hannun kamfani ba. Wannan aiki ne na yabo, kuma wanda ya san abin da yake yi zai amfana da shi.

Wasu kuma za su ce ta haka ake koyo. Wannan ma gaskiya ne. Matashin da ya fahimci dalilin da ya sa fayil ɗin RM-346 ba zai zauna a RM-357 ba, zai fahimci dalilin da ya sa SP Flash Tool ke neman fayil ɗin da ya dace da ainihin injin MediaTek, da dalilin da ya sa wasu wayoyin Android ke rasa IMEI bayan filashin. Darasin ɗaya ne, kayan aikin ne suka canza. Masu gyara da masu rubuta manhaja da yawa daga irin wannan wasa suka fara.

Amma koyo daban, gyara daban. Ɗalibi ya shiga da sanin cewa wayar gwaji na iya mutuwa, kuma mutuwarta ma darasi ce. Wanda kawai yake son ƙaramar waya mai aiki, ko yake riƙe da wayar gado, ba ya cikin wannan sahu. Matsalar bidiyoyin da ke yawo suna nuna aikin a minti biyar ita ce ba sa nuna waɗanda suka mutu.

Darasin da ya shafi wayar yau

Nokia ba ƙaramin kamfani ba ne. 1100 kaɗai an sayar da fiye da miliyan 250, kuma waya ta biliyan ɗaya da kamfanin ya sayar a 2005, wata 1100 ce da aka saya a Najeriya, shekara huɗu kacal bayan shigowar GSM ƙasar a 2001. Idan kamfani mai wannan girma zai rufe rumbunsa ya bar wayoyi lafiyayyu ba mai kula da su, babu wani suna a kasuwa yau da ya fi ƙarfin haka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma wayar yau ta fi tsohuwar rauni ta wannan fuska. 3310 ba ta buƙatar kowa don ta yi aikinta. Wayar Android ko iPhone kuwa tana ɗauke da manhajar banki, imel, hotuna da lambobin sirri, tana kuma jone da intanet dare da rana. A 2015 aka gano wata ɓaraka a Android mai suna Stagefright, wadda za a iya shiga waya da ita ta saƙon bidiyo kawai. Bayan ta ne Google da Samsung suka fara fitar da facin tsaro wata-wata. Wayar da ta daina samun wannan faci, duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe take zama.

Yankewar da ta samu Symbian ta riga ta fara bin na baya. A Satumbar 2021 Google ta hana wayoyi masu Android 2.3.7 zuwa ƙasa shiga asusunta. Daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a ƙasa da Android 5. A 2025 ya yanke iPhone 5s da iPhone 6, waɗanda suka tsaya a iOS 12. iPhone 7 ta tsaya a iOS 15, iPhone 8 da X kuma a iOS 16. Duk da haka ana ta cinikin waɗannan a matsayin 'yan Landan, mai saye yana duba gilashi da lafiyar batir, ba ya tambayar shekara nawa suka rage wa manhajar.

Wasu kamfanoni sun fara ba da amsa a rubuce. Google ta yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ta yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, ta kuma ba Galaxy A16 5G, wadda ba ta cikin masu tsada, shekara shida. Tarayyar Turai ta mayar da abin doka: daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a sayar a can dole ta samu sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaranta kuma su kasance a kasuwa shekara bakwai.

Lissafin mai sauƙi ne. A misali, wayar Naira 150,000 da za a kula da ita shekara biyu ta tashi a 75,000 kowace shekara. Ta Naira 240,000 mai shekara shida ta tashi a 40,000. Ba kowa ke da ƙarin kuɗin a hannu ba, wannan gaskiya ne, amma ko mai ƙaramin ƙarfi yana da haƙƙin ya san abin da yake saya. Kafin a biya, a shiga setin, a gangara wurin bayanin waya, a duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Sabuwar waya a kwali da facinta ya haura shekara, ta riga ta faɗi halinta.

Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ita ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasa. Babu abin da zai hana ta sharɗanta cewa kowane kamfani ya rubuta a jikin kwali shekarar da zai daina sabunta wayar, kamar yadda ake rubuta wa'adi a jikin magani. Kamfanonin da suka fi cin kasuwar nan, su Tecno, Infinix da itel na Transsion, su ne ya fi kamata a riƙa yi wa wannan tambaya, a shago da kuma a shafukansu, domin a wurin matasan Afirka suke samun cinikinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki a duniya, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka sarrafa yadda ya dace. Wani kaso na wannan tari wayoyi ne da injinsu ke lafiya, manhaja ce ta gudu ta bar su.

Akwai kuma aikin da masu gyara da masu sha'awa na nan gida za su iya yi, wanda babu wanda zai yi musu. Wasu ƙananan wayoyin Nokia da aka sayar a Najeriya sun zo da Hausa, Yarbanci da Igbo a jerin harsunansu. Waɗannan fassarori suna cikin fayilolin harshe ne, kuma masu tara fayiloli a Turai ko Asiya ba su da dalilin damuwa da na yankinmu. Mai yiwuwa kwafinsu na kwance a tsofaffin kwamfutocin shagunan Farm Centre ko Banex a Abuja, ana jiran ranar da za a goge su a samu wuri. Duk wanda ke da irin wannan rumbu, ya kwafe shi, ya rubuta lambar RM da siga a kan kowane fayil, ya ɗora inda wasu za su samu. Wannan ya fi yi wa waya ɗaya filashin amfani.

Ita kuwa Nokia ɗin da ke durowa, a saya mata batir, a goge bakin cajinta, a sa layi a cikin adafta mai kyau don kada ya karya ƙafafun ramin sim, a kwashe abin da ke ciki. In ta kira ta karɓa, ta gama aikinta, a bar mata sigarta.